'Yar na'urar OBD2 da na saya saboda maganar Kawu taƙi kwanta min a rai

Wata huɗu kenan da na sayi 'yar na'urar nan da ake cusawa a ƙasan sitiyari ta karanto maka ciwon mota a waya, wadda ake ce wa sikana ta OBD2, irin ƙaramar nan mai Bluetooth da bata wuce akwatin ashana biyu ba, kuma ina ganin na juya ta yadda ya kamata, ya isa in faɗi abinda na gani. Amma gaskiya bazan iya maganarta ba sai na sako Kawu a ciki, don shi ne sanadin sayenta, duk da har yau bai san haka ba.

Motata ba sabuwa bace, ƙirar 2008 ce, silinda huɗu, fetur take sha, kuma tunda na same ta allurar zafi a tsakiya take kwana take tashi. Sai kawai ta ɗauko wani sabon hali. In na shiga cunkoso na tsaya kamar minti goma sai in ga allura ta fara hawa a hankali a hankali, ta wuce rabi, ta doshi ja, ni kuma gabana na faɗuwa ina kallonta ina kallon motar gabana, amma da hanya ta buɗe na ɗan taka sai ta sauko ta koma mazauninta kamar ba ita ba. Ga kuma wutar nan ruwan ɗorawa mai hoton injin ta kunna a dashbod taƙi mutuwa.

Kawu yayan mahaifiyata ne, kuma a gidanmu in dai maganar mota ce to shi ake kira kafin ma a kira makaniki. Ya fi shekara talatin yana riƙe da sitiyari, ya san kafireto kamar yunwar cikinsa, mutum ne da zai sa kunne a jikin injin ya gaya maka fulogi na nawa ne ba ya ci. Ni kaina shi ya koya min canza taya. To da na kai masa ƙara ko bonet bai gama ɗagawa ba ya yanke hukunci.

Yace "ɗana ai wannan ba ciwo bane, tamostat ne, 'yar ƙofar nan da ke tare ruwan injin. Ka je a cire shi a yar, don ƙasashe masu sanyi aka yi shi, ruwa ya riƙa zagayawa abinsa ba mai tare shi. Sannan a haɗa maka fanka kai tsaye, da ka murza makulli ta tashi. Wannan koren ruwan da kake saya kuma ka daina wahalar da kanka, ruwan famfo ya isa."

Nace "to Kawu wutar da ta kunna fa?"

Yace "a cire kan batir minti biyar a mayar, zata tafi. Mu da muka tuƙa motocin da ba su da wannan wutar ma ba mu mutu ba."

Nace to Allah ya ƙara girma, na gode. Don me zan ce? Ance abinda babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma ni ba makaniki bane, ko sifana ban iya riƙewa da kyau ba. Har na kama hanyar gareji washegari. Amma wallahi raina yaƙi kwanciya, kuma a lokacin da za ka tsare ni kace faɗi dalili bazan iya jera maka shi ba, abu ɗaya ne kawai yake ta yi min yawo a kai: in dai wani abu ne ya toshe hanyar ruwa, to me yasa motar take hucewa in ina gudu, lokacin da injin ya fi aiki, take ɗaukar zafi in na tsaya, lokacin da ba abinda take yi? Ai kamata yayi abin ya zama akasin haka. Kuma wani ɓangaren zuciyata yana cewa, mutanen da suka ƙera motar nan ba za su sa ƙarfe a ciki don ado ba, yanzu ni in je in ce a cire, a yanke waya a haɗa wata, a kashe wutar da take ƙoƙarin gaya min wani abu, duk a rana ɗaya, ba tare da kowa ya tambayi motar me ke damunta ba. Sai na juya kan mota na koma gida. A daren na yi odar na'urar.

To bari in zo kanta.

Abu ne ɗan ƙarami na roba, tawa shuɗiya ce ana hango cikinta, bakinta mai ƙafa 16, kuma ramin da ake cusa ta yana ƙasan dashbod wajen gwiwar direba, wani lokacin a fili wani lokacin da ɗan murfi. Fasalin ramin sama ya fi ƙasa faɗi don haka ba yadda za ka yi ka sa ta a juye. Wannan ramin ba na wani kamfani ɗaya bane, doka ce ta kawo shi, Amurka ta wajabta shi a motocin da ake sayarwa can tun 1996, Turai kuma ta biyo baya a 2001 ga masu fetur sannan masu dizal daga baya kaɗan, shi yasa kusan duk motar da aka ƙera a shekarun nan za ka same shi. In motarka ta girmi haka sosai to ka leƙa ƙasan sitiyari tukuna kafin ka saya, kar ka sayi abinda ba ka da inda za ka sa.

Haɗa ta bai ci min minti biyar ba. Ka cusa, ka murza makulli wutar dashbod ta kawo, ka buɗe Bluetooth a waya ka nemo ta, in ta tambayi lamba yawanci 1234 ne ko 0000, sai ka buɗe manhajar. Ni Torque na sauke don wayata Android ce, akwai ta kyauta akwai ta kuɗi, ta kyautar ma ta yi min abinda nake so a ranar farko. Masu iPhone ku kula a nan, irin tsohon Bluetooth ɗin da yawancin ƙananan nan ke amfani da shi baya magana da iPhone, sai ku nemi mai WiFi ko wadda aka rubuta ƙarara cewa tana aiki da iPhone. A cikin kwalin tawa ba takardar bayani ta kirki, wata 'yar guntuwa ce da rubutu ƙanana kamar tururuwa, da lalube na gane komai, wannan kam na rage mata maki a kai.

Abu na farko da na danna shine karanta lambar ciwo. Sai ga P0480. Manhajar ta rubuta a ƙasa cewa matsala ce a layin da ke tayar da fanka ta ɗaya. Fanka fa, ba tamostat ba. Na zauna shiru a mota ina kallon wayar, wato wannan wutar da Kawu yace a cire kan batir ta tafi, sati biyu kenan tana ihu tana faɗin sunan mai laifi, mu ne bamu jin yarenta. Da na cire batir ɗin da lambar ta goge, wutar ta mutu na ɗan lokaci, in ɗauka an warke.

Su lambobin nan suna da tsari in ka gane shi ba wuya. Harafin farko yana gaya maka unguwar da ciwon yake, P na injin da giya ne, B na jikin mota kamar su jakar iska, C na ƙasa kamar birki, U kuma na maganar da kwamfutocin motar ke yi tsakaninsu. In sifili ne ya biyo harafin to ma'anar lambar ɗaya ce a kowace mota, in 1 ne to ta kamfanin ce, sai ka nemi fassararta da sunan motarka. P0301 misali silinda ta ɗaya ce bata ci daidai, P0302 ta biyu, haka dai.

Amma inda na'urar ta burge ni da gaske ba lambar bace, bayanan kai tsaye ne. Tana nuna maka zafin ruwan injin a lamba, digiri bayan digiri, yadda kwamfutar motar wadda makanikai ke ce wa birenbos take ganinsa. Kuma a nan na gano wani abu da ya bani haushi kaɗan, ita allurar dashbod a yawancin motocin zamani ba gaskiya tsantsa take faɗa ba, an yi ta ne ta zauna a tsakiya ko da zafin yana hawa yana sauka da digiri masu yawa don kar ta riƙa tayar wa direba hankali, sai abin ya yi nisa take motsawa. Wato duk ranar da ka ga ta doshi ja to an daɗe da wuce wasa.

Washegari da safe motar ta kwana ta huce, na ɗaga bonet, na tada ta a tsaye na ajiye wayar inda zan riƙa gani. Lamba ta fara hawa, 40, 55, 70, ina taɓa babban tiyon lagireto a hankali ina jinsa da ɗan ɗumi kawai. Tana kaiwa 83 zuwa 84 sai tiyon ya ɗau zafi farat ɗaya har na janye hannu, lambar kuma ta tsaya cak na ɗan lokaci har ta ɗan ja baya. Wannan shine tamostat ya buɗe, a gaban idona, lafiyarsa ƙalau, bawan Allah da aka yanke wa hukuncin kisa ba a saurare shi ba. Daga nan ta ci gaba, 90, 95, 99, 102, ina kallon fanka ita kuma tana kallona, ko motsi. Na kunna AC, don a yawancin motoci da ka kunna AC fanka take tashi ko da injin bai yi zafi ba, nan ma shiru. A 105 na kashe mota. Don Allah duk wanda zai gwada wannan kar ya sa hannu ko hannun riga kusa da fanka, ta lantarki ce, bata sallama kafin ta tashi, kuma kar ka kuskura ka buɗe murfin lagireto injin na da zafi, ruwan yana cikin matsi ne, zai yi tsalle ya wanke maka fuska.

Sai lissafin da zuciyata ta kasa yi min a gaban Kawu ya fito fili. In kana gudu iska ce ke ratsa lagireto da kanta tana sanyaya ruwa, ko fanka ta mutu ba za ka sani ba. In ka tsaya ba iska, sai fanka, ita kuma bata nan. Shikenan fa ciwon.

Na kai ta wajen mai wayarin, ban ce masa motata na zafi ba, nace masa fanka bata tashi kuma ga lambar da na gani, na nuna masa sikirinshot. Ya kalle ni ya kalli wayar yayi dariya yace yau kuma likita ne ya kawo mara lafiya. Ya buɗe akwatin fiyus na cikin bonet, ya duba fiyus lafiya, ya ba fankar wuta kai tsaye daga batir don gwaji ta juya garau, sai ya zare wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu da suke kira rile, mai sakar wa fanka wuta, ya ɗauko ɗan'uwansa iri ɗaya sak daga gurbin hon ya sa a wurin, na kunna AC, fuuu fanka ta tashi. Rile ne ya ƙone. Abu kamar ƙwayar maggi, ka rufe shi a tafin hannu. Ya sa sabo, ya mayar wa hon nasa, ban yi rabin awa a wurin ba. Da na dawo na sake tsayar da ita ina kallon waya, tana kaiwa 97 fanka ta tashi, ta sauko 92 ta tsaya, haka take yi har yau ko a wane irin cunkoso.

Yanzu abin da ke bani tsoro in na tuna shine, da na bi maganar Kawu motar zata daina zafi fa. Eh mana, tunda an haɗa fanka kai tsaye an tsallake rilen da ya mutu, allura zata kwanta, kowa yace ai Kawu ya faɗa. Ba wanda zai san cewa ɗaya cikin shawarwari huɗu ce ta rufe ciwon bisa tsautsayi, sauran ukun kuma suna can suna cin motar a ɓoye.

Shi tamostat 'yar ƙofa ce tsakanin injin da lagireto, a cikinsa akwai kaki da ke kumbura in ya ji zafi ya tura ƙofar ta buɗe, yawanci tsakanin digiri 80 da 90, lambar ma a jikinsa ake buga ta. Aikinsa ba wai hana ruwa gudu bane don mugunta, aikinsa injin ya yi saurin kaiwa zafin da aka ƙera shi yayi aiki a kai sannan ya zauna a nan. Injin mai sanyi ba lafiya bace. Muddin birenbos na ganin ruwa bai yi zafi ba to zata ɗauka yanzu aka tada mota, ta ci gaba da ƙara fetur, kai kuma kana ta mamakin yadda tanki ke zubewa. Baƙin mai baya sakin jiki yadda ya kamata, danshi da ɗan fetur ɗin da ke gangarawa cikinsa basa ƙonewa su fita, a hankali ya zama kamar kwata a cikin injin, ƙarafa na cin juna. Motar ma zata sake kunna maka wutar injin da lambar P0128, wadda ma'anarta kenan ruwa baya kai zafin da ya dace. Wani abin ma da mutane basu sani ba, a injina da yawa tamostat ƙofa biyu yake tsarewa, in ya buɗe hanyar lagireto sai ya rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma injin kai tsaye, to in ka cire shi wannan gajeriyar a buɗe take har abada, wani ruwan zafin ya riƙa zagaye bai ko leƙa lagireto ba. Garin neman gira a rasa ido kenan.

Fanka kai tsaye kuma tana juyawa ne ko ana buƙata ko ba a buƙata, tun injin na sanyi, abin da ke juya ta ya gaji da wuri, ranar da zata mutu kuma ba sanarwa. Shi kuwa ruwan famfo, a 100 yake tafasa in ba matsi, kulant, wato koren ruwan nan, da aka gauraya rabi da rabi da ruwa ya fi shi jure zafi kaɗan, amma ba ma wannan ne babban amfaninsa ba, maganin tsatsa ne a ciki da ke kare lagireto da famfon ruwa da hanyoyin cikin injin. Duk wanda ya taɓa ganin ruwan lagireto ya koma ja kamar na kududdufi ya san me nake nufi.

Kar kuma a ɗauka ina cewa Kawu bai san mota ba. Motocin da ya taso da su fankarsu a jikin injin take, bel ke juya ta, ba rile ba sensa ba kwamfutar da ke lissafin fetur da zafin ruwa, a irinsu in tamostat ya maƙale a hanya aka cire shi ka isa gida kuma motar bata cika yin ƙorafi ba. Iliminsa na gaske ne, motar ce ta canza a ƙarƙashinsa. Kuma ga wani abu da dole in faɗa don adalci, wanda shine ma babban raunin na'urar nan. Bayan an gyara na kai masa motar, yana ta zagaye ta yana taɓe baki, sai ya miƙa hannu ya matsa wani ƙaramin tiyo a bayan injin yace "wannan ya ruɓe, ji yadda yayi laushi kamar balan-balan, in baka canza shi ba zai fashe maka a hanya." Na matsa na ji, wallahi gaskiyarsa. Na'urar bata ce min uffan a kan tiyon nan ba kuma ba zata taɓa cewa ba, don ita abinda sensa ya gani kawai take sani. Bata ganin tiyo, bata ganin bel da ya tsattsage, bata jin ƙarar boris, bata san birki ya cinye ba, bata san baƙin mai na ɗiga ba. A satin na canza tiyon, na kuma kira shi na gaya masa, ya ji daɗi sosai.

Sauran abubuwan da ban so ba. Irin wannan ƙaramar na'urar yawanci injin kawai take karantawa, da wutar ABS ta birki ta ɗan kunna min wata rana na cusa ta tace ba komai, alhali wutar na ci, don da manhajar da nake da ita bata shiga wannan kwamfutar. Sannan ita lambar ciwo bata cewa ga abinda za ka saya, layin kawai take nuna maka. P0480 ɗin nan tawa zata iya zama fiyus, ko rile, ko waya da ɓera ya ci, ko soket ya yi tsatsa, mai wayarin ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya kama ɓarawon. Na ga masu ganin lamba ta ambaci sensa su ruga su sayi sensa, su sa, wuta ta dawo bayan kwana biyu, su ce na'urar ƙarya take. Ba ƙarya tayi ba, kai ne ka karanta rabin magana.

Wani lokacin tana yanke hulɗa da waya ana cikin tafiya sai na zare na mayar. Kuma ramin nan akwai ƙafa ɗaya a cikinsa, ta 16, da ke da wutar batir ko mota a kashe take, don haka in ka bar na'urar a cushe 'yar fitilarta na nan tana ci tana tsotsar batir kaɗan kaɗan, kwana ɗaya biyu ba komai amma in za ka ajiye mota sati ka zare ta. Ni a aljihun dashbod take kwana.

A jikin tawa an rubuta ELM327, wanda asalinsa sunan wani ɗan guntun kwamfuta ne da wani kamfani a Kanada ya ƙera, amma yawancin masu arha da ke yawo kwaikwayo ne, wasu sun kwaikwaya da kyau wasu kuma a haɗa su da wata motar su ƙi magana sam. Shi yasa in da hali ka gwada a motarka tun kana iya mayarwa. Tawa ta yi aiki a motoci huɗu cikin biyar da na gwada, ta biyar ta haɗu da waya amma taƙi haɗuwa da motar, mun yi mun yi muka haƙura.

Akwai maɓallin goge lamba, kuma yana da daɗin dannawa, ka danna wuta ta mutu ka ji kamar kai ne injiniya. Kar ka fara sai ka ɗau sikirinshot, don tare da lambar motar tana ajiye hoton halin da injin ke ciki a daidai lokacin da ciwon ya faru, zafi nawa, gudu nawa, injin na juyi nawa, in ka goge duk sun tafi, ka je wa makaniki hannu rabbana. Gogewa ba gyara bane, daidai yake da cire kan batir ɗin Kawu sai dai da waya. In kuwa wutar ba tsaye take ba ƙiftawa take yi, to wannan ba ta jira bace, injin na fashin ci ne sosai, ɗanyen fetur na tafiya salansa yana iya ƙona matatar hayaƙin da ke ciki, ka rage gudu ka nemi inda za ka tsaya.

In maki ne zan bata 4 cikin 5. Ga mai mota irina da bai iya gyara ba amma baya son a riƙa yi masa canki-canka da injin, ta ci kuɗinta tun ranar farko. Ga mai neman abinda zai maye masa makaniki, ba ita bace.

Satin da ya wuce Kawu ya zo gida, muna zaune sai yace "ɗana ina ɗan abin naka, zo ka sa a tawa mu ga ƙaryarsa." Yanzu ya bar tsohuwar motarsa, wata yake ja ƙirar 2005, kuma tun satin da ya same ta ya sa aka cire mata tamostat, wutar dashbod ɗinta kuwa ya manna mata baƙin salatif don kar ta dame shi. Na durƙusa na cusa, na miƙa masa wayar ya riƙe da nisa don bai zo da tabarau ba. P0128. Motar da ya tuƙo kusan rabin awa, zafinta 64.

Nace "Kawu kun gani, bata kai zafinta ba, shi yasa kuke cewa tana shan mai."

Ya ƙura wa lambar ido ya daɗe, sannan yace "64? To ai lafiya kenan, sanyi ƙalau, taka da ke kaiwa 97 ita ce abin tausayi." Ya miƙo min wayar ya gyara hula. Har ya shiga mota ya tada sai ya sauke gilas yace in na samu lokaci in duba masa lamba nawa ake bugawa a jikin tamostat ɗin irin motarsa, wai wani abokinsa ne ke tambaya.